Farin Fili a Taswira

Ranar da aka manna taswirar a bangon makaranta, Auta ba ta nemi gidansu ba, ba ta kuma nemi gonarsu ta tudu ba. Idonta ya tsallake duk launukan nan, ya gangara can ƙasa ta gefen kogi, inda takardar ta tsaya fara fat kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. A cikin wannan farin wurin albasar Inna, mahaifiyarta, take. A cikinsa rijiyar da mahaifinta ya haƙa take, da bishiyar lemun da ya dasa a bakinta shekarar da aka haife ta.

Aji ya cika maƙil. Manya sun matse a kan bencinan yara, gwiwoyinsu na neman taɓo haɓa, kowa na miƙa yatsa yana neman gonarsa. Gwaggo Mai Barkono tana ta mita wai an zana tata kamar kunnen akuya, alhali ita ta san gonarta mai kusurwa ce tun zamanin kakanta. Can baya, jikin ƙofa, Baffa ne tsaye, wan mahaifin Auta, ya goya hannuwa yana murmushi. Farin nan aikinsa ne, kuma ya ji daɗin yadda ya fito.

Tun farkon rani mutanen Ƙawance suka iso garin. Ƙawancen na ƙungiyoyin ƙananan manoma ne daga ƙasashe da dama, sun haɗa kai da lauyoyinsu da masu awonsu don a sama wa mutanen karkara takardar mallakar gonakin da suke nomawa tun kaka da kakanni ba tare da ko ƙyallen shaida ba. Mutum biyu aka aiko. Ɗaya dattijuwa ce daga wata ƙasa ta bayan teku, manomiya, tafin hannunta ya fi na Baffa kaushi, ba ta jin yaren garin, kowa na ce mata Baƙuwa. Ɗayan saurayi ne dogo siriri mai gilashi, shi ke yi mata tafinta, shi ke zane. Aka sa masa Mai Taswira tun kafin ya sauke jakarsa.

Tsarin aikinsu ne ya fara ba mutane mamaki. Ba su auna wa kowa gona. Wata 'yar na'ura ce rawaya, ba ta fi tafin hannu ba, sai su damƙa wa mai gona ya riƙe da kansa, ya taka iyakarsa da ƙafarsa, na'urar na tuna duk inda ya bi. Sharaɗin kawai, duk gefen da zai taka, maƙwabcin wannan gefen ya jera da shi kafaɗa da kafaɗa. In maƙwabci ya ƙi fitowa, ba a zana gefen. In kuma layi bai dawo ya haɗe inda ya faro ba, babu gona a taswira.

Kwana kaɗan da zuwansu Baffa ya tara magidanta da matan gari a rumfar injin niƙa, ya sa aka kashe injin. Ya tuna musu abin da kowa ya sani. Yana matashi wasu mutane suka zo da sarƙar awo, suka zagaye gonar mahaifinsa ta arewacin kogi, suka sha ruwa, suka yi godiya, suka tafi. Shekara na zagayowa aka kewaye wurin da waya. Mahaifinsa ya mutu yana leƙen gonarsa ta tsakanin ƙarafa. Saboda haka, in ji Baffa, duk abin da ka nuna wa mai awo ka yi ban kwana da shi. A nuna wa baƙin nan tudu, yashi ne da tsakuwa, in sun ɗauke ma sun rage wa mutane wahala. Amma fadama, inda ake albasa da barkono da tumatir duk rani, inda cikin garin yake, kada wanda ya kai su. In sun tambaya a ce jeji ne, macizai sun yi masa yawa.

Babu wanda ya musa. Auta ma ba ta musa ba. Da yake ita ce ta yi nisa a karatu, ita aka ɗora wa rakiyar baƙin, aka kuma ja mata kunne ta riƙa bi da su ta hanyar da kurmin tsamiya zai tare musu kogi.

Ta yi aikin yadda aka sa ta. Abin da ba a sa ta ba shi ne ta riƙa lura da yadda Mai Taswira ke goge gilashinsa da bakin riga duk lokacin da yake neman kalma, ko yadda yake rage tafiya in ya ga tsoho na haki, ya yi kamar takalminsa ne ya kwance. Ya gano tana son karatu, ya fara aro mata littattafai daga jakarsa, masu gefe a naɗe da ƙamshin tafiya. Takan karanta su a gindin lemun mahaifinta, a cikin wurin da take ɓoye masa, kamar wadda ta ɗauko abin da ba nata ba. Lokaci zuwa lokaci, in sun hau wani tudu, yakan nuna koren da ke leƙowa ta bayan tsamiyoyi ya tambaye ta na wane ne. Takan ce jeji ne, macizai. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce Allah ya tsare, su wuce.

Yanzu ga taswira a bango, ga jejin macizai fari tas. Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar aji, ta tambaya a gaban kowa, me fari yake nufi.

Mai Taswira ya cire gilashi ya goge. Ya ce abin da ya faɗa musu tun ranar farko ne, zai sake faɗa. Fari shi ne wurin da babu wanda ya ce nasa ne. In taswira ta shiga ofishin filaye, masu launi za a yi musu takarda da sunan masu su, fari kuwa za a ɗauke shi a matsayin fili marar mai shi, duk wanda ya nema ana iya ba shi. Ya ce taswirar za ta zauna a bangon nan har hadari ya fara haɗuwa, don mai gyara ya yi gyara, sannan mota ta tafi da ita kafin ruwa ya yanke hanya.

Baffa ya yi 'yar dariya daga bakin ƙofa, ya ce sun ji, sun gode, macizai dai ba sa bukatar takarda. Aji ya ɗauki dariya. Auta kaɗai ce ba ta taya su ba.

Ba a jima ba, wata safiya ta gangara fadama ta tarar da Inna na ban ruwa, tana zagaye wani abu da bokiti kamar mai zagaye kabari. Turke ne na katako, sabo, an shafa masa jan fenti a ka, an kafa shi a tsakiyar albasa. Inna ta ce masu kamun kifi sun ga wasu a kan babura jiya da yamma, da huluna iri ɗaya, sun ce daga kamfanin sukari suke, suna duba inda rake zai yi kyau. Ta faɗa da muryar da take faɗin an ƙare gishiri, ta ci gaba da zuba ruwa.

Auta ta kama turken da hannu biyu ta girgiza har ya fito, ta nufi gidan Baffa da shi, jar ƙasa na zuba a zanenta.

Ta same shi a zaure yana ɗaure wa fartanya ƙota. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ajiye turken a gabansa. Ya daɗe yana duban turken. Sannan ya ce ai ga abin da yake gudu, an fara awo turaku sun biyo baya, baƙin nan ne suka jawo idon duniya kan garin. Auta ta ce ta bi tudu kaf da safen nan, babu turke ko ɗaya a gonar da aka taka, sai a inda aka ɓoye.

"Ke Auta," in ji shi, bai ɗago ba, "ni na ga wayar da idona, ke a littafi kike ganin duniya. Kuma na lura kwanan nan idonki ya fi ƙafarki bin mai gilashin nan. Ki bi a hankali, kada ki sayar da gari a kan murmushi."

Maganar ta shige ta kamar ƙaya, don akwai gaskiya a gefenta. Wannan mutumin ne ya ɗauke ta a kafaɗa ranar da aka binne mahaifinta. Shi ke nome musu tudu duk damina kafin ya taɓa tasa. Ta ɗauki turkenta, ta ce masa a huta lafiya, ta fita. Sai da ta sha kwanar gidan ta bari hawayen suka zubo, ta share su da bayan hannu da ƙarfi kamar mai jin haushinsu.

Baƙin na zaune a tsohon ɗakin ajiyar taki da aka share musu, tebur ɗaya, kujeru biyu, taga mai raga. Auta ta ɗora turken a kan takardun Mai Taswira ta ce ya sa takalmi, ya kira Baƙuwa. Ta shige musu gaba har suka ratsa kurmin tsamiya, fadama ta buɗe a gabansu, kore shar tun daga ƙafafunsu har bakin ruwa, ƙamshin danyar albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye su.

Mai Taswira ya tsaya ya kalli jerin fangalin albasa, kowanne da 'yar hanyar ruwansa.

"Macizan garinku akwai tsari," ya ce. "Har taki suke zubawa."

Ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta rasa wanda za ta fara. Ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun kafin ya zo, yana da hoton garin da aka ɗauka daga sama, har rijiyar nan ta fito a ciki kamar ɗigon tawada. Ranta ya ɓaci nan take. Ta ce to don me ya bar ta tana zabga masa ƙarya a rana, don me bai zana ba kawai ya huta ya hutar da su.

"In na zana abin da ba ku nuna mini ba," in ji shi a hankali, "me ya raba ni da masu sarƙar da Baffa ke faɗa? Nakan tambaye ki ne ina fatan wata rana ki gaji."

Baƙuwa ta tsuguna ta ciro albasa ɗaya, ta shinshina, ta yi doguwar magana, shi kuma ya fassara. Ta ce a ƙauyensu ma haka suka yi. Dajin da suke samun itace da zuma suka ɓoye, suka ce fatalwa ce a ciki, suna ganin sun yi wayo. Gonakin da suka nuna suna hannunsu har yau, dajin kuwa yanzu sai ta tagar mota take ganinsa. Shi ya sa ta bar jikokinta take yawo ƙasa ƙasa a wannan shekarun nata. Ta ce ba ta ga laifin tsohon nan ba, wanda aka taɓa yi wa fashi da sarƙa dole ya tsani duk wani abu mai tsawo.

Daga ranar Auta ta daina barcin rana. Ta bi matan fadama ɗaya bayan ɗaya, a bakin rijiya, a wurin shanya, a layin niƙa, da turken a ƙarƙashin hammata kamar jariri. Wasu suka ce su mazansu za su tambaya. Wasu suka ce ba za su zama na farkon saɓa wa Baffa ba. Gwaggo Mai Barkono, wadda gonarta ke manne da ta Inna ta kudu, ta ce ita babu ruwanta da rigimar 'yan boko, har sai da ta tarar da nata jan turken a tsakiyar barkono. A ranar ta zo gidan su Auta da kanta, ɗankwali a karkace, tana cewa a kawo mata 'yar rawayar nan, ko kunnen akuya ne a zana mata, kunnen dai nata ne.

Inna ce ta fi wuya. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban wan mijinta ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Ta saurari Auta har ta gama, tana tsince ƙasa daga irin albasa, sannan ta ce ita ba za ta ce a yi ba, ba za ta ce a bari ba. Can ta ƙara da cewa gwiwoyinta dai sun hana ta doguwar tafiya kwanan nan, in akwai wata tafiya da ta kama a gonar, sai dai 'yarta ta yi mata. Ta ɗauko malafar mahaifin Auta daga ƙusa ta kaɗe mata ƙura, ta ajiye kusa da ita, ta koma kan irinta.

Safiyar da aka sa, gabas ta riga ta fara tara baƙin gajimare, iska na kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Rabin gari ya gangaro fadama, yawanci don kallo. Auta ta sa malafar, ta karɓi na'urar. Ta yi mamakin rashin nauyinta.

Ta faro daga bakin kogi, inda babu maƙwabci sai ruwa. Ta juya kudu, Gwaggo Mai Barkono ta jera da ita, tana tafe tana gardama a kan kowane kututture, wai wannan nata ne, wancan ma da nata ne amma ta yafe saboda zumunci. Suka bi gefen hanyar shanu, mai unguwa ya tsaya shaida. Saura gefe ɗaya, na arewa, kuma wannan gefen na Baffa ne.

Yana zaune a cikin tasa gonar, gindin wata tsamiya, ya juya musu rabin baya yana gyaran igiyar guga da ba ta lalace ba. Tsakanin gonakin biyu akwai tsohuwar magudanar ruwa, ita ce iyaka, rijiyar kuma a kanta take daidai. Shi da ƙaninsa suka haƙa ta a wata shekarar da kogi ya janye, ɗaya a ciki ɗaya a sama suna musanya. Har yau in rani ya tsananta kogi ya koma yashi, ita ke riƙe da albasar gidajen biyu.

Auta ta je ta durƙusa a gabansa, ta ce ta zo roƙonsa ya taka iyaka da ita. Ya ce ƙafarsa ba za ta bi wannan abin ba ko da za a yanke ta. Ta sake roƙo. Ya ce ya gama magana.

Ta dawo wurin Mai Taswira, ta tambaye shi da murya ƙasa ƙasa, in layinta bai taɓa gonar Baffa ba fa, in ta ja baya ta bi ta cikin tasu ta haɗe. Ya dube ta, ya dubi rijiyar. Ya ce in ta ja baya sosai ba a bukatar maƙwabci, layi zai haɗe, Inna za ta sami takarda. Amma duk abin da ta bari a waje zai zauna fari, kuma shi ba zai iya yi mata alkawarin komai a kansa ba. Ya ce ta yi tunani, gona ba rijiya a ƙarshen rani wahala ce. Ta ce ta sani, ta ɗebi ruwa a nan tun guga ya fi ta nauyi. Amma in ta tsaya jiran duka, mota za ta tafi da farar takarda, su rasa duka.

Ta gyara malafa ta fara tafiya. Ba ta bi magudanar ba. Ta shiga cikin albasar Inna, tana ɗaga ƙafa a hankali tsakanin fangali, rijiya da lemun na hannun hagunta, suna nisa da ita da kowane taku. Ba ta kalle su ba, don ta san in ta kalla ba za ta iya ba. Surutun mutane ya mutu. Inna, da ke tsaye tun safe, ta sulale ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ke. Ina za ki?"

Muryar Baffa ce. Auta ba ta tsaya ba.

"Ba nan iyakar take ba."

"Na sani, Baffa."

"Kin sani kike bin nan? Kin bar rijiya a waje."

"Ba ni da maƙwabcin da zai kai ni wurinta."

Ta ci gaba. Ta ji faɗuwar guga, ta ji takun mutum mai nauyi yana tsallake magudana, yana tattaka albasar da bai taɓa yarda ko akuya ta kusanta ba. Ya sha gabanta yana haki, idanunsa sun yi ja. Ya ce a ƙasan rijiyar nan ƙasa ta taɓa rufto wa ubanta har ƙirji, shi ya tono shi da yatsunsa, farcensa biyu a can suka zauna. Yanzu ita za ta zo ta yi mata layi ta baya kamar rijiyar wasu, ta bar wa masu babura su sha. Ya ce shi an ƙwace wa ubansa gona yana kallo, amma bai taɓa ganin wanda ya yanke tasa da ƙafarsa ya miƙa ba.

Auta ta ɗago ta dube shi, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba sai ranar da aka manna taswira.

Iska ta kaɗa ganyen lemun. Baffa ya juya ya dubi koren da ya shimfiɗu har bakin ruwa, ya dubi jan turken da ke tsaye can cikin gonar wani, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kama hannun rigarta kamar lokacin da take ƙarama za su tsallaka kasuwa, ya ja ta baya har inda ta baro iyaka.

"Kai mai gilashi," ya ce, "goge wannan shirmen da ta yi. Daga nan za a faro."

Suka jera, kafaɗarsa sama da tata. Bai bar ta ta kauce ko da faɗin tafin hannu ba. Nan dutse ne ubanki ya binne, bi ta kansa. Nan magudanar ta karkace shekarar ambaliya, asalin ta can take. Da suka iso rijiya sabuwar rigima ta tashi, shi ya ce a zagaye ta a sa a gonar marayu, ita ta ce ba za ta raba shi da farcensa ba. Mai Taswira ya ce akwai alamar da ake sa wa abin da gida biyu suka haɗa. Baffa ya ce to da bai faɗa tun ɗazu ba sai da ya bari mutane suka gama zubar da mutunci a gaban jama'a.

Layin ya dawo bakin kogi ya haɗe. Na'urar ta yi 'yar ƙara. Baƙuwa ta tafa hannuwanta masu kaushi ita kaɗai, Gwaggo Mai Barkono ta taya ta. Auta ta miƙa wa Mai Taswira na'urar, amma wani hannu ya riga shi. Baffa ya jujjuya ta, ya kai kunne ya ji ko tana magana, ya tambaya ko da gaske shi zai riƙe da kansa, babu mai bin sa da sarƙa. Aka ce da gaske. Ya ce to Auta ta gyara tsayuwa, yanzu ita ce maƙwabciya, kuma kada ta ga ya yi mata kirki ta ce za ta ci masa iyaka.

Sauran kwanakin a guje aka yi su. Wanda jiya ya rantse bai san hanyar fadama ba, yau shi ke kan gaba da asuba yana kiran maƙwabcinsa ta katanga. An yi faɗa, an yi sulhu, wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa gaisawa suka taka iyakarsu suna kallon gabas da yamma, amma suka taka. Yayyafin farko ya sauka ana kan gonar ƙarshe. Mai Taswira ya sake zane, koren alƙalaminsa ya ƙare sai da aka aro na makaranta. Ya gaya musu gaskiya a aji cewa taswira ba takarda ba ce tukuna, kamfanin ma yana da lauyoyi, za a kai ruwa rana a ofis, amma yanzu lauyoyin Ƙawance na da abin da za su ɗora a tebur.

Da safen tafiya motar ta tsaya a gaban makaranta, tayoyinta sun riga sun kwashi laka. Aka naɗe taswirar aka zura a cikin wani dogon bututun roba. Mai Taswira ya miƙa hannu zai sa ta a baya, Baffa ya bayyana da babbar rigarsa ta fita kunya, ya karɓe bututun. Ya ce shi bai yarda takarda ta yi tafiya ita kaɗai ba, takarda na canza hali a hanya. Zai kai ta da hannunsa, ya ga wanda zai karɓa, ya ga fuskarsa. Kuma tunda shi ba ya karatu, Auta za ta bi shi ta karanta masa duk abin da za a rubuta, harafi harafi.

Ya shige gaba kusa da direba, ya rungume bututun a ƙirji. Baƙuwa ta shiga baya ta matsa jikin taga, Auta ta bi ta, Mai Taswira ya shigo ƙarshe ya ja ƙofa. Inna ta miƙo wa Auta malafar ta taga. Da motar ta motsa, Mai Taswira ya zaro wani littafi daga jaka ya ɗora a cinyar Auta, ya ce wannan dogo ne, ba a gama shi a tafiya ɗaya, sai dai ta riƙe har ya dawo da takardun.

Baffa ya miƙa hannu ya karkato madubin direba har ya hango kujerar baya sosai. Direba ya ce Baba da wannan nake ganin hanya. Baffa ya ce hanya na gaba, ya tuƙa kawai, kada ruwa ya riga su gada.